Bakwai Cikin Ɗari

Talata, 2 ga Maris

6:30. Sauya wa farantai goma sha biyu ruwan abinci.

Yaya Momme,

Ka yi haƙuri da layin da ke sama. A littafin aikina na yago takardar, sai da na zauna na ga na riga na fara rubutu a kanta. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Gesche. Ni lafiyata ƙalau, in ban da wuyana da ke riƙewa saboda duƙawa kan madubin duba ƙananan halittu. Yaya kunnen? Gesche ta ce yanzu ko ihu aka yi maka a waya ƙugi kawai kake ji, shi ya sa na koma wa biro.

Ta gaya mini likitoci sun ba ka wuri a zagayen Afrilu. Ranar 5 za su auna kanka su yi maka marufin da zai riƙe shi kada ya motsa, ranar 19 a fara gasa ƙarin da injin wurin aikinmu, kwana ashirin a jere. Na yi murna ƙwarai. Sau uku kacal a shekara ake ba marasa lafiya injin nan, sauran lokacin na masu bincike ne, kuma masu jira sun fi wuraren yawa. Wurina za ka sauka, na riga na auna ƙaramin ɗakin, gadon aro zai shiga.

Ta kuma ce ka ce, "Tunda Inken ta shekara tara tana yi wa injin nan shara, ta faɗa mini abin da zai yi wa kaina." Ba shara nake yi ba, amma zan gwada. Ka dai tuna ni ba likita ba ce, ko jami'a ban shiga ba. Mai kiwon farantai ce, a cikinsu muke rainon ƙwayoyin jikin mutum.

Jikin mutum duk ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. A cikin kowace akwai zare mai tsawo a nannaɗe, shi ne DNA, a jikinsa aka rubuta yadda ƙwayar za ta rayu ta hayayyafa. Gashi ba ƙona nama yake yi ba, zaren nan yake tsinkawa. Ita kuma ƙwayar ba ta zuba ido. Tana da masu ɗinki, da zarar ya tsinke sai su taru a wurin. Muna sa wani rini da ke kama inda suka taru, ya fito kore a madubi, ɗigo-ɗigo. Aikina ƙirga ɗigon.

Iri biyu muke gwadawa. Na farko hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Shi watsa tsinkewar yake yi ko'ina, kamar an barbaɗa gishiri a kan dankali. Bayan rabin awa ɗigo ya cika ƙwayar, amma in na duba washegari saura biyu ko uku. An ɗinke. Na biyu shi ne naka, a nan muna ce masa mai nauyi. Ƙwayoyin zarra ne na sinadarin gawayi, injin ke harba su da gudu. Shi layi ɗaya yake bi, yana yayyaga zaren a wuri guda, guntu-guntu, kamar shingen waya da tarakta ta bi ta kansa. Masu ɗinkin su zo su rasa wane baki za su haɗa da wanne. Washegari ɗigon na nan, manya-manya. Bayan kwana uku ma wasu na nan.

Makon jiya muka gama wani gwaji da ƙwayoyin fatar mutum mai lafiya. Cikin kowace ɗari da aka ba hasken hoton ƙashi, arba'in da ɗaya suka rayu. Cikin ɗari da aka ba mai nauyi, shi ma daidai wannan awon, bakwai. Dokta Rautenberg, shugabar ɗakinmu, ta ji daɗi har ta kawo mana kek ɗin tuffa ranar Juma'a. Ni sai da na sake ƙirgawa sau biyu kafin na ci, don kullum gani nake na yi kuskure a wani wuri.

Ina fata wannan ya amsa tambayarka. Tumaki nawa ke da ciki bana?

Ƙanwarka,
Inken

Pellworm, Lahadi, 7 ga Maris

Inken,

Mun amsa gaisuwa. Gesche tana ta faɗa, wato lafiyarta lau. Kunne yana nan inda kika bar shi. Tumaki ɗari da tamanin da huɗu ke da ciki, biyu sun riga sun sauke, ɗaya tagwaye. Iska ta ɗauke mana rabin rufin rumfar ciyawa.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin fi likitan da ya zana mini da'ira a takarda ya ce kada in damu. Ke aƙalla kin ba ni lamba.

Ga yadda na gane. Kun ɗauki fatar mutum mai lafiya. Ba ƙari ba, ke kika rubuta. Kuka sa ta a gaban abin, casa'in da uku suka mutu, kuka ci kek. Ƙarina yana can tsakiyar kai, a gindin ƙwaƙwalwa. Abin nan ba ta taga zai shiga ba. Dole ya bi ta fata, ta ƙashi, ta abin da nake tunani da shi. In na loda tumaki ɗari a jirgin ruwa, bakwai suka sauka ɗaya gaɓar da rai, ba na sake ba jirgin nan kaya, balle in hau da kaina.

Na rubuta wa sakatariyar likitocin na ce su ba wani wurin. Tare zan jefa su a akwati, taki da tata. Gesche ta ce, "Kai da ko takardar maganin tsutsar tumaki ba ka karantawa, yau ka zama farfesa?" Na ce ƙanwata ce farfesar, ni ragi kawai na yi, ɗari a cire bakwai. Tun rana ta daina yi mini magana. Da kunnen nan sai da yamma na lura.

Kada ki tayar da hankalinki. Sun ce irin wannan ƙarin a hankali yake tafiya. Bari a gama haihuwa tukuna.

Momme

Alhamis, 11 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ku. Barka da tagwayen. Lafiyata lau, sai dai tun da na buɗe wasiƙarka jiya busasshen burodi kawai ya shiga cikina.

Me ya hana ka jiran amsata? Kana jiran tunkiya wata biyar, ni ka kasa ba ni kwana huɗu.

Laifina ne, na sani. Na duba littafina na ranar 2. Abu biyar na tsara zan gaya maka, na rubuta huɗu, na biyar yana bayan shafin, ban juya ba. Kuma shi ne kan maganar.

Mai nauyi ba ya ɓarna iri ɗaya a duk tsawon hanyarsa. Ka tuna yadda muke gangarowa da keke daga saman ganuwar teku. A gangaren, ciyawa kawai tayar ke kwantarwa, anjima ta miƙe. Sai can ƙasa, inda ka danne burki, nan ƙasa ke tonuwa. Haka yake yi. Yana shiga fata da gudu, ɓarnarsa a nan kaɗan ce kuma a warwatse, irin wadda ƙwayoyi ke iya ɗinkewa. Sai ya zo tsayawa yake zubar da ƙarfinsa duka, bayan wurin kuma kusan babu komai. Likitoci saita gudun suke yi don ya tsaya a cikin ƙarin. Mu kuwa da gangan muke ajiye farantanmu daidai inda yake tsayawa, don nan muke son gani. Bakwai ɗin nan ba labarin fatarka ba ne. Labarin abin da zai sami ƙarin ne. Abin da aka ci wa kek ke nan.

Ban tabbata ba ko misalin keken ya yi daidai, wataƙila Dokta ta yi mini dariya in ta ji. Ban tabbata ba kuma nawa ne ainihin abin da ƙwayoyin kan hanya ke sha a jikin mutum mai rai, don faranti daban, kai daban. Ina jin kaɗan ne. Ƙwayoyin ƙari ma ba irin na farantina ba ne, ban tabbata ba ko lissafin zai zo ɗaya. Likita ya kamata ka tambaya, ni ban kai nan ba.

Da rana na je ofishin sakatariyar. Wasiƙarka ta riga ni, tana kan teburinta da tambari a kai. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke ce mara lafiyar?"

Na ce, "Ƙanwarsa ce."

Ta ce, "To, abin da wa ya soke, ƙanwa ba ta dawo da shi. Ya rubuto da hannunsa."

Na ƙi tafiya. Tsayawa kawai na yi, har ta gaji ta ce za ta riƙe wurin zuwa Juma'a 26, bayan nan akwai mutum goma sha ɗaya a layi. Ban tabbata ba ko tana da ikon yin haka ma, amma ta rubuta a kalandarta, na gani.

Layi biyu kawai za ka rubuta mata. Ga ambulan nan na sa maka, da adireshi da kan sarki a jiki. Ko lasar kan sarkin na hutar da kai.

Inken

Litinin, 22 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya. Kai ban sani ba, tunda kwana goma sha ɗaya ke nan ban ga rubutunka ba. Kullum sau biyu nake buɗe akwatin wasiƙa, alhali sau ɗaya mai kawowa ke zuwa.

Jiya na kira Gesche. Na ce, "Ya karanta?"

Ta ce, "Ya karanta, ya ninke, ya ɗora tukunyar shayi a kai."

"Me ya ce?"

"Ya ce yanzu kuma labarin keke kike ba shi."

Na ce ta miƙa maka wayar. Ta ce, "In miƙa masa ya yi me da ita, ya sosa baya?" Daga nan na ji tana jan hanci, ta ce madara na kan wuta.

Tunda bakina bai isa ba, ga abin da na yi. A shekara tara ban taɓa roƙon injin nan don kaina ba. Makon jiya na ƙwanƙwasa ƙofar Dokta na ce ina son minti biyar ranar Laraba. Ta ajiye biro ta ce, "Ke, Inken? Gwajin wa?" Na ce na wani makiyayi ne. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin aika wa mara lafiya adadin da ya rayu, ba ki faɗa masa a wane zurfi ba? Da ɗalibata ce ke, da na mayar da ke shekarar farko." Ta ja takardar ta sa hannu.

Na cika akwatin gilashi da ruwa, girmansa kamar kanka, ko ƙasa da haka kaɗan. Faranti ɗaya na sa a bakin akwatin inda mai nauyi ke shiga, wato fatarka. Ɗaya a ciki, inda aka saita ya tsaya, wato ƙarin. Na uku na bar shi a akwatin ɗumi, babu abin da ya taɓa shi. Harbi ɗaya ya ratsa na farko ya tsaya a na biyu. Na ba su kwana ɗaya cur su yi ɗinkinsu, sannan na rina su.

A ɗakinmu mai ƙirga ba ya sanin farantin da ke hannunsa. Dokta ke rufe sunayen da salatif ta rubuta lamba, don in ka san wanne ne wanne, idonka na ƙara maka ko ya rage maka ba da saninka ba. Haka ta yi mini wannan karon ma, haka kuma zan yi maka. Ga hotuna uku, 1, 2, 3, kowanne da ƙwayoyi goma. Shuɗin ƙwai-ƙwan nan su ne ƙwayoyin. Koren ɗigo shi ne inda aka kasa ɗinkewa. Ka ƙirga kamar yadda kake ƙirga tumaki a bakin ƙofar garke, ka rubuta. Sai ka gama za ka buɗe ƙaramin ambulan, a ciki akwai wanne ne wanne da abin da ni na samu.

Juma'ar nan ce 26, Yaya.

Inken

Pellworm, Lahadi, 28 ga Maris

Inken,

Muna gaishe ki. Gesche lafiya. Tumaki ɗari da tara sun sauke, mun rasa 'ya'ya shida. Ni kuwa bari in faɗa miki gaskiya, tunda ta riga ta kama ni.

Mako biyu ke nan komai biyu nake gani. Da farko in na dubi hagu ne kawai, yanzu ko'ina. Garkena ya ninka ban sayi ko tunkiya ɗaya ba. Shi ya sa ban rubuto ba, layin takarda rabuwa yake yi, in rasa wanne zan bi. Ban gaya wa kowa ba. Ranar Alhamis na zo zuba shayi na zuba a kofin da babu shi. Gesche ta tsaya tana kallon teburin yana ɗiga. Ta ce, "Tun yaushe?" Na faɗa mata. Ta ce, "Da wa na yi aure, da kai ko da na kusa da kai? In mayar da mai taurin kan, in riƙe ɗayan."

A ranar ne hotunanki suka iso. Arba'in suka haihu cikin kwana uku, ambulan yana kan taga har jiya. Na san 26 ta wuce. Kada ki rubuto mini ita, na iya duba kalanda, har guda biyu nake da su yanzu.

Gesche ta manna takarda a gefe ɗaya na tabarauna, na zauna da fensir. Na 1, goma sha biyar. Na 2, tamanin da ɗaya, wasu a jere kamar sawun karen da ya bi ta laka. Na 3, bakwai. Sannan na buɗe ƙaramin ambulan. Kin samu sha huɗu, tamanin da uku, da shida. Ɗayanmu bai iya ƙirga ba, kuma ni da ido ɗaya na yi.

To na gani. Bakin shiga ya fi kusa da wanda ba a taɓa ba nesa ba kusa ba. Amma sha biyar ba bakwai ba ne, kada a mayar da ni yaro. Hanyar ma tana cin nata. Wannan zan iya ɗauka. Duk shekara ina yanke kofaton da ya ruɓe, kuma wuƙar ba ta rasa taɓa mai kyau.

Abin da ya tsaya mini daban ne. Na ciro wasiƙarki ta ranar 11 daga ƙarƙashin tukunya, ita ma na ƙirga ta. "Ban tabbata ba" sau huɗu, a takarda ɗaya. Ke ce kika fi kowa a danginmu sanin abin nan, kuma kina magana kamar mai sayar da ragon da ba ta yarda rago ne ba. Likitoci aikinsu ne su ce in zo. Ke nake tambaya. In kanki ne, za ki kwanta a gabansa? Kalma ɗaya nake so, a rubuce, kada ki bi ta bakin Gesche kaɗai. Kuma kada ki sa mata wutsiya.

Momme

Laraba, 31 ga Maris

Yaya,

Eh.

Gaisuwar ta biyo baya yau. Ina lafiya, ina gaida Gesche, ko da yake mun yi magana da rana na faɗa mata. Ka ce a rubuce, ga shi a sama. Takarda uku na yaga kafin wannan, kowacce sai in ga wutsiya ta fito mata. Ba zan ce maka zai cinye ƙarin duka ba, wannan babu wanda ya sani. Ba shi ka tambaya ba. Ƙwayoyin da na ƙirga a ɗakin nan sun haura dubu ɗari biyu, kuma in kaina ne zan kwanta.

Yanzu ga wadda ba ta da daɗi. Sakatariya ta cika alkawari, ta riƙe wurin har ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, sannan ta ba na gaba a layi. Da na shiga yau ta ce, "Ke kuma?" Na ajiye mata wasiƙarka, na nuna mata inda ka yi maganar gani biyu. Ta karanta ta daina murmushi. Ta ce zagaye na gaba sai Agusta.

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji kaina ina cewa idonka ba zai jira Agusta ba. Da ƙarfi na faɗa, har na ofishin kusa ya leƙo. Daga nan na wuce wurin Dokta ban ƙwanƙwasa ba. Ta kira babban likitan a gabana. Ya ce gani biyu na nufin ƙarin ya fara danne jijiyar ido, kuma ya so a ce ya ji tun mako biyu da suka wuce. Ni ma haka. Ya ce akwai mutum ɗaya cikin na Afrilu da zazzaɓi ya kwantar, gobe da safe za su yanke ko zai iya. In ba zai iya ba, su duba takardunka da na sauran goma, su zaɓa. Bai yi alkawari ba. Na zauna a bas ina fata wani bawan Allah da ban sani ba kada ya warke da wuri, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Da zarar wannan ta same ka, ka aika layi biyun nan da jirgin ruwan farko da zai bar tsibirin, ko da a karkace ne. Ka haɗa jaka. Ka nemi mai kama maka sauran saba'in da biyar ɗin, kada ka ce sai an ji, don in sun kira, ranar Litinin ƙarfe tara suke son kanka a nan. Kuma ka daina hawa tarakta.

Ƙanwarka,
Inken

Gobe, Alhamis:
6:30, sauya ruwan farantai. Na ranar Talata ma ban yi ba.
8:00, tsayawa a ƙofar sakatariya kafin ta cire kwat.
Ba wa na ofishin kusa haƙuri.
Duba lokacin jirgin ruwa da na ƙasa na ranar Lahadi, a gaya wa Gesche.
Karɓo gadon aro. Har yanzu ban sami mai mota ba.
In sun ce Litinin: sayo baƙin shayi da sukarin dutse.
In sun ce Agusta: